Sawun Kaza a Cibiyar Farfela

Kwanakin baya wasu samari suka tsaya a bakin rumfata suna jiran mota. Ɗaya ya leƙa kaskon da ke kan wuta, ya ce wa ɗan'uwansa, "Ashe aikin ke nan? A narka gwangwani a zuba cikin yashi." Ban tanka masa ba, domin ƙarfe ya kusa nuna, kuma mai zubi ba ya surutu a wannan lokacin. Amsarsa ce nake rubutawa yanzu, shi da ire-irensa.

Sunana Umaru, amma daga Shanga har Warra in ba ka ce Umaru Farfela ba, da wuya a nuna maka rumfata. Ina zuba farfelar injin jirgin ruwa, wato ƙarfen nan mai kunne uku da ke juyawa a cikin ruwa yana tura jirgi. Mahaifina maƙerin baƙi ne a Yelwa. Yana ƙera ƙugiya da mashin kifi da ƙusar jirgi da kalme. Ina yaro aka tare ruwa a Kainji, ruwa ya haɗiye gungu, wato tsibiran da mutane ke zaune a kai, da gonaki da itatuwa. Mutane sun tashi, itatuwan kuwa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har gobe. Su ne ke cin farfela. Matuƙi zai taho da gudu a ruwan da ya sani, kunnen farfela ya daki kututture, shi ke nan. Da injuna suka yawaita a tafkin, na ga cewa wanda ya iya zuba farfela ba zai zauna banza ba. A garinmu babu wanda ya iya, sai na bi motar albasa na yi kudu.

Na zauna Legas har na ji Yarabanci, na ratsa Kwatano da Lome na tsinci Faransancin kasuwa, sannan na yada zango a Tema, bakin tekun Gana, wurin wani mai zubi da ake kira Masta Kwesi. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa kasko ba. Tankaɗe yashi kawai nake yi. Ana haɗa yashi mai laushi da 'yar laka, a yayyafa ruwa, a cuɗa. Gwajinsa a tafin hannu yake: ka dunƙule, ka buɗe hannu, ya tsaya da shatin yatsunka, ka karya shi biyu ya karye ba tare da ya rugurguje ba. In ya bushe da yawa, zubin zai zube. In ruwa ya yi yawa, narkakken ƙarfe zai yi tsalle ya dawo maka. Tabon da ke ƙaurina na hagu daga nan na samo shi, ranar da na ga kamar na iya. Masta Kwesi ya dubi ƙafar, ya ce in je in sa magani, in dawo in sake cuɗa yashin.

Aikin da ya canja mini sana'a ba ma namu ba ne. An sace injin wani masunci, bayan watanni aka gan shi a jirgin wani. Wanda aka samu injin a hannunsa ya ce nasa ne, ga shi kuma an goge lambar da kamfani ya buga a jikin injin da magagari, wurin ya yi sumul kamar bayan cokali. Hukuma ta kawo injin rumfarmu don a kwance shi, ta zo da wani dattijo mai 'yar jaka. Ni na riƙe masa injin. Ya goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, ya tsoma auduga a wani ruwa mai cin ƙarfe, ya dinga shafawa a hankali. Muna tsaye muna kallo, sai lambobin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi, kamar sawu a kan jiƙaƙƙen yashi. Lambar injin masuncin ce. Ɓarawon ya zauna a ƙasa ba wanda ya ce masa ya zauna.

Da aka watse na bi dattijon har bakin titi na tambaye shi da Turancin da nake da shi. Ya ce ba wani abin mamaki a ciki. In ka buga hatimi a ƙarfe, dukan ba ya tsayawa inda ido ya ga rami. Naman ƙarfen da ke ƙarƙashin ramin yakan danne, ya cure, ya bambanta da na kewayensa. Mai magagari yana goge ramin ne kawai. In aka shafa ruwa mai cin ƙarfe, wurin da ya sha duka da wurin da bai sha ba ba sa ciwuwa daidai, sai siffar ta dawo. Na tambaye shi ko a alminiyam ma haka ne. Ya ce ai alminiyam ko sodar da mata ke sabulu da ita tana cinsa.

Bayan Tema na yi yawo da yawa, kuma duk inda na je ina lura da yadda masu ƙarfe ke shaida kayansu. A Agadas maƙeran azurfa suna zana alamarsu a bayan abin wuya, inda zai kwanta a ƙirji. A Mopti na ga mai ƙera wuƙa yana sa tsaga uku a gindin ruwanta, inda ƙota za ta rufe. A Omdurman ta Sudan da Jidda, inda na koyi Larabci, masu zinariya suna da hatimi ƙarami wanda sai da gilashi ake karanta shi. Kowa da dabararsa, amma duk abu ɗaya ya haɗa su: alama ce da ido ke iya kaiwa gare ta, in an san inda za a duba. Abin da ido ya gani kuwa, hannu zai iya kwaikwaya. Ban ga inda aka buga alama da gangan, aka kuma goge ta da gangan ba. Na riƙe wannan a raina na dawo gida.

Farfelar farko da na zuba a Yelwa ta wani mai jigilar shinkafa ce daga Shanga. Kwana huɗu na yi a kanta. Ga yadda aikin yake, ga mai cewa gwangwani ne. Da farko ƙarfe: ba na narka gwangwanin lemo, ba na narka tsohuwar tukunya. Fasassun farfelolin kamfani nake nema, da gangar jikin injin jirgi da ta mutu, da wilin mota na alminiyam. Akwai wani ƙarfe mai kama da shi, tutiya, irin na marfin kabireto da hannun ƙofa. Yana narkewa da wuri, yana cika zubi da kyau, yana ƙyalli, amma in ya shiga farfela ta zama kamar ƙanƙara. Farfelar kirki in ta daki kututture lanƙwashewa take yi, matuƙi ya lallaɓa ya kai gaci, ya kawo a miƙe masa. Mai tutiya tsinkewa take yi, kunnen ya tafi ƙasan ruwa.

Bayan zubi sai gyara. A yanke bakin da aka zuba ƙarfen ta ciki, a bi kunnuwa da magagari har kaurinsu ya zo ɗaya, a huda cibiya a dasa bushin da zai kama sandar inji. Sannan a zura ta a sandar ƙarfe, a aza sandar a kan kaifin wuƙaƙe biyu. In kunne ɗaya ya fi nauyi zai gangaro ƙasa. A rage shi, a sake azawa, har ta tsaya duk inda aka bar ta. Farfelar da ba a yi wa haka ba za ta yi ta girgiza inji har ta kashe masa giya. Daga ƙarshe in buga hatimina na fili a bayan cibiya, ƙugiya da ɗigo uku, wanda kowane matuƙi ya sani.

Amma kafin wannan hatimin akwai wani. A zubina nakan bar ɗan tudu a cikin cibiya, ta ɓangaren da ke fuskantar inji, inda yashin ruwa ba ya gogawa. A kan tudun nake buga wata 'yar alama da na ƙera da hannuna, tsaga uku da suka haɗu a gindi, kamar sawun kaza. Duka ɗaya, mai nauyi. Sannan in bi tudun da magagari har alamar ta ɓace, in tsaya nan take. A nan gwanintar take. In ka tsaya da wuri, ido zai gani. In ka wuce da kaurin farce, ka cinye naman da ya sha dukan, ba abin da zai sake fitowa. Na ɓata guntayen ƙarfe sun fi cikin kwando kafin hannuna ya san wurin tsayawa. Kowace farfela da ta fita daga rumfata tana ɗauke da wannan sawun, kuma shekara da shekaru ban faɗa wa kowa ba. Ina ganin ɓoyewar ita ce ƙarfin abin. Ashe ita ce za ta kusa kashe mini wuta.

Matuƙa mutane ne masu wuyar sha'ani. Wani zai ɗaga farfela ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya kara a kunne, wai yana jin muryarta. Wani sai ya lasa. Wani Bagunge, mutumin gungu da ke zuwa daga tsallake, ba ya karɓa sai ya tsaya a kan kunne ɗaya da ƙafarsa, shi kuwa ya kai buhu biyu nauyi. Duk na bar su su yi, domin kayana na ɗauka. A haka sunan ƙugiya da ɗigo uku ya bi tafkin, har ya zama matuƙi ba ya cewa a ba shi farfela, sai ya ce a ba shi ta Umaru.

Sai shekarar da man fetur ya yi tsada, kowa yana neman inda zai rage. Farfeloli suka fara bayyana a kasuwannin bakin ruwa, masu araha, da hatimina a jikinsu. Wani ne a wani gari, har yau ban san fuskarsa ba, ya sayi tawa guda, ya danna ta cikin yashi, ya zuba tarkacen tukwane da tutiya a gurbin. Ƙugiyar da ɗigon suka fito a zubin, ya bi su da ƙusa ya gyara. 'Yan tireda suna sayarwa suna cewa daga Yelwa aka kawo. Kafin damina ta tsaya an kawo mini karyayyu sun fi goma. Ina ɗagawa na san ba nawa ba ne, nauyin ya fi, bakin karayar kuma yana walƙiya kamar gishiri. In na faɗa, sai mai ita ya nuna mini hatimi ya ce, "To wannan fa, na wane ne?" Aiki ya ja baya. Akwai makon da ban hura wuta ba sai sau ɗaya, shi ma tukunya na liƙe wa wata mata.

Abin ya kai ƙarshe a kan Dantani, wani babban matuƙi daga wajen Warra, mutum mai jiki da murya. Ya ɗauko albasar mata shida zai kawo Yelwa ranar kasuwa. A tsakiyar ruwa kunne biyu suka tsinke lokaci guda, ga iska ta taso. Jirgi ya juya gefe yana shan ruwa. Don a tsira da rayuka sai da aka zubar da fiye da rabin albasar, noman rani guda na matan nan. Allah ya kiyaye ba wanda ya rasu. Dantani bai zo rumfata ba. Kai tsaye ya wuce wurin Sarkin Maƙeran unguwarmu, ya ajiye guntuwar farfelar a gabansa.

A al'adarmu, in aka kai ƙarar maƙeri cewa aikinsa ya jefa rai cikin haɗari, ana kashe wutarsa har a yi shari'a. In laifin ya tabbata, a kife uwar maƙerarsa, wato ƙarfen da yake duka a kai, ba zai ƙara hura wuta a garin ba. Sarki da kansa ya zo, dattijo ne abokin mahaifina, ya sa aka watsa ruwa a murhuna. Ya ce, "Umaru, ba ni nik kashe ta ba, al'ada ta. Ka zo da hujja ran Laraba."

Ran Laraba da hantsi aka taru a ƙofar gidansa, maƙera da matuƙa da matan albasa. Na zo da 'yar kwalbar ruwan soda da farfela biyu daga rumfata. Na yi bayanin sawun kaza, na shafa a tawa, alamar ta fito. Na shafa a guntuwar Dantani, wurin ya yi baƙi dabbare-dabbare, ba komai. Na ɗaga kai ina jiran a ce an gane. Sai na ga mutane suna ja da baya.

Dantani ya ce, "Kun gani ko? Kun gani da idonku! Ƙarfe sumul, ya tofa mai magana, zane ya hito. Ranka shi daɗe, wanga ba hujja ba ta, asiri na. Inda yag ga dama shi kira zane, inda bai ga dama ba shi hana."

Na ce, "Dantani, yaushe na tofa?"

"Na ga bakinka na motsi."

"Bisimilla na yi."

"Kai kas san irin bisimillar da ka koyo Gana."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta taimake ni ba. A Tema da aka ga lamba ta fito, ɓarawo ne ya zauna a ƙasa. A garinmu, inda kowa ya tashi yana jin cewa maƙeri na kama ƙarfen da ya yi ja a wuta da hannu yana wasa da wuta, zane ya fito daga ƙarfe sumul ba ya nufin komai sai cewa maƙerin ya isa. Ga shi ba mutum ɗaya da zai ce ya san da alamar kafin ranar. Sarki ya tambayi maƙera ko akwai wanda na taɓa nuna wa. Kowa ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ranka shi daɗe, to a cire ni daga ciki. Kwalbata a zubar. A sayo soda a kasuwa, a hannun wadda Dantani ya yarda da ita. Shi da kansa ya shafa. Kuma kada a gwada a farfelar da ta kwana a rumfata. Dantani, shekara biyar da suka wuce ka sayi ɗaya a hannuna. Tana ina?"

Ya ce tana rataye a zaurensa, kunnuwanta sun cinye, tun ranar da ya saye ta ba ta sake ganin rumfata ba. Sarki ya ce ya kawo ta. Ya kuma ce duk matuƙin da ya saya a hannuna da shaida ya kawo tasa, wanda ya saya a tireda shi ma ya kawo. Dantani ya yarda, amma da sharaɗi. Za a cire mini zobe da hula, a zaunar da ni nesa, a ba ni ruwa in guntsa in riƙe a baki har a gama, don kada in karanta komai. In na haɗiye ko na zubar, na faɗi. Na ce na yarda. Aka sa mako guda.

Mai sodar da ya zaɓa ita ce Inna Kulu mai sabulu, don ya ga ranar farko ta fi kowa yi mini tsiya. Bai san taubashiyata ba ce, ɗiyar kawuna, tsiyar kuwa tun muna yara muke yinta. Da aka faɗa masa, ya ce ba komai, ai ya ji da kunnensa tana cewa a kife maƙerar a huta da hayaƙi.

Ranar ta zo. Farfela tara aka jera a kan tabarma, biyar waɗanda aka saya a hannuna, huɗu na tireda, ga guntuwar Dantani ta goma. Aka zaunar da ni a gindin bishiyar bedi, taku ashirin daga wurin. Kulu ce ta kawo mini ruwan a moɗa.

Ta ce, "Guntsa, bawana. Yau dai Allah ya kawo ranar da za a yi zance garin ga ba ka ce a Gana kaza a Sudan kaza ba."

Na guntsa. Ta koma ta jiƙa sodarta a kwanon roba, ta naɗa auduga a tsinke ta miƙa wa Dantani, ta ce ya kiyayi yatsunsa. Ya ɗauki tsohuwar farfelarsa, wadda ya saya a hannuna, ya leƙa cikin cibiya inda na nuna a makon jiya, ya shafa. Aka jira. Ya sake shafawa. Ba abin da ya fito.

Daga inda nake ina ganin dalili. Farfelar ta yi shekaru a jikin inji, cikin cibiyarta ya daskare da baƙin giris. Soda ba za ta taɓa ƙarfe ba sai an kankare shi. Nawa na rumfa wankakku ne, shi ya sa ban tuna in faɗa ba. Kalma uku za su gyara abin, ga ruwa a bakina. Dantani ya ɗaga farfelar sama yana juya ta don kowa ya gani.

"To, jama'a! An rufe baki, zane ya ƙi hita. Mi ar rage?"

Sarki ya dube ni. Na dafe gwiwoyina, na riƙe ruwana. Wani daga cikin maƙera ya fara gyara hularsa zai tashi.

Sai Kulu ta ce, "Kawo nan in gani." Ta karɓa, ta sa farce a cikin cibiyar, ta ɗago shi baƙi ƙirin. "Kai Dantani, da girmanka. Wa ka gani yana zuba soda bisa dauɗa? Wanga maiƙon inji ko ni da nika sabulu ba ya jin sodata. Ku maza ba ku san wanki ba, sai ci."

"Inna, kada ki sa hannu, ke 'yar'uwa tai ta."

"To sa naka. Ga toka, ga ruwan zafi, ga tsumma. Wanke shi awa kwanon da za ka ci tuwo ciki. Ko shi ma asiri na?"

Matan albasa suka goyi bayanta, suka ce a wanke. Dantani ya durƙusa a gaban jama'a yana cuɗa cibiyar farfela da toka, Kulu na tsaye a kansa tana cewa bai fita ba. Da ƙarfen ya yi fari ta ce ya shafa. Ya shafa, wurin ya yi 'yar kumfa, ya yi toka-toka. Ya kai fuskarsa kusa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa Sarki.

Sarki ya duba, ya ce, "Sawun kaza."

Aka wanke sauran, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane mai farfela da hannunsa. Biyar na hannuna duk suka nuna sawun. Huɗun tireda suka yi baƙi, ba komai. Aka zo kan guntuwar Dantani, ya wanke ta sau biyu, ya shafa sau uku. Sarki ya tambaye shi a ina ya saye ta. Ya ce a tireda, amma an rantse masa ta Umaru ce. Ɗaya daga matan albasa ta ce, "Ashe araha ka bi da albasarmu." Daga nan maganar ta bar kaina ta koma kansa.

Ni kuwa an manta da ni a gindin bedi. Sai da Kulu ta waiwayo ta ce, "Ku bar shi haka nan har la'asar, garin ya yi daɗi." Sarki ya yi dariya ya ce in zubar. Na zubar, na ce alhamdu lillahi, muƙamuƙina kamar ba nawa ba.

Asirin ya fasu a ranar, kuma ban yi asara ba. Na koya wa maƙeran fari na unguwarmu, masu zubi irina, yadda ake yi, kowa ya ƙera alamarsa ya nuna wa Sarki da shaidu biyu, don kada wani ya sake tsayawa inda na tsaya ba mai shaidarsa. Mai jabu zai iya jin labarin, amma sai ya nemi ƙarfen kirki, ya san wurin bugawa, ya koyi inda magagari ke tsayawa. Wanda zai iya wannan wahalar ba ya bukatar satar sunan wani. Matuƙa suka koma zuwa tireda da ƙullin soda a aljihu, 'yan tireda suka daina karɓar kayan. Yanzu ina jin kamfanoni na yin irin wannan da na'ura mai haske, suna rubutu a jikin ƙarfe wanda sai da wata fitila ake gani. Na ga irinsa a wani sabon inji, aiki ne mai kyau. Tambayar da zan yi musu ɗaya ce, ko sun tanadi wanda zai shaida.

Al'adar da ta kashe wuta ita ce ta faɗi yadda za a tayar da ita: wanda ya kai ƙara ya faɗi, shi zai kawo garwashi daga gidan Sarki, shi zai yi zuga har ƙarfen farko ya narke. Washegari da safe Dantani ya taho da garwashi a kasko, matuƙa na biye da shi suna masa kirari. Ina da injin hura wuta mai hannu, amma na ajiye shi, na ɗauko zuga-zugin mahaifina na fatar akuya. Ya zauna ya kama. Kafin gawayi ya yi ja rigarsa ta jiƙe.

Ya ce, "Alhaji, wai ƙarfen ga ba ya narkewa?"

Na ce, "Na kirki ne, yana ɗaukar lokaci. Da tutiya ce da tuni ka tashi."

Ya yi ta zuga har rana ta take. Da na zuba, ta huce, na fasa yashin, farfela ta fito da kunnuwanta uku. Na ce masa tasa ce. Na aza ta a kan uwar maƙera, na saita sawun kaza a kan tudun cibiya, na miƙa masa masaba, gudumar maƙera.

Ya ce, "Ni?"

Na ce, "Kai. Duka ɗaya, da ƙarfi. In wani ya sake cewa asiri ne, kai za ka ba shi amsa."

Ya goge hannunsa a riga, ya yi bisimilla da babbar murya don kowa ya ji, ya buga.